Frederick Douglass da Sake Zaɓen Shugaba Lincoln a 1864

A cikin tarihin ƙasar Amurka da wuya a sami mai sharhin al'amuran mulki wanda ya kai Frederick Douglass kaifin alƙalami da nauyin magana, alhali kuwa bawa aka haife shi, bai taɓa zama a aji ko na yini ɗaya ba. Tarihinsa yana da tsawo, ba kuwa dukansa za a kawo a wannan takarda ba. Abin da za a duba shi ne inda ya tsaya a shekarar 1864, sa'ad da Shugaba Abraham Lincoln ya nemi a sake zaɓensa ana tsakiyar yaƙin basasa. Douglass ya shekara uku yana sukan Lincoln a jarida da kan dandamali, sa'an nan saura 'yan makonni a jefa ƙuri'a ya fito ya ce kowa ya zaɓe shi. Wanda ya dubi al'amarin sama-sama zai ce mutumin ya yi amai ya lashe. Wanda ya bi takardunsa wata-wata kuwa zai tarar bai janye ko ɗaya daga cikin laifuffukan da ya ɗora wa Shugaban ba. Awo ya yi tsakanin hasara biyu, ya ɗauki wadda jama'arsa za su iya jurewa.

An haifi Douglass a jihar Maryland wajen 1818. Uwarsa baiwa ce, uban kuwa an ce Bature ne. Yana yaro aka kai shi birnin Baltimore, matar ubangijinsa ta soma koya masa haruffa, mijin ya hana, ya ce bawan da ya iya karatu ya lalace ke nan. Yaron ya ji wannan magana ya riƙe, ya ci gaba da koyo wurin 'ya'yan Turawa a bakin hanya, yana ba su burodi suna ba shi darasi. Da ya girma ya koyi sana'ar toshe kafofin jiragen ruwa, har a 1838 aka yarda ya nemi aiki da kansa, ya ci da kansa, ya tufatar da kansa, ya riƙa kai wa ubangijinsa dala 3 kowane mako. Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa za su gane wannan sharaɗi nan da nan, gama shi ne murgu. Ran 3 ga Satumba na shekarar ya gudu zuwa jihohin arewa, inda ba a bauta, sanye da tufafin ma'aikacin jirgin ruwa. A 1845 ya buga littafin labarin bautarsa, ya ambaci sunan ubangijinsa a ciki, don haka ya zama tilas ya ƙetare zuwa Ingila kada a kama shi. Can abokansa suka tara fam 150 suka fanshe shi a 1846.

Da ya komo, a ƙarshen 1847, ya kafa jaridarsa a garin Rochester cikin jihar New York, ya sa mata suna North Star, watau tauraron arewa wanda bayi masu gudu ke bi da dare. Sunan jaridar ya sauya daga baya, amma mai ita bai ajiye alƙalami ba har tsakiyar yaƙi. Akwai wani saɓani na waɗannan shekaru da ya kamata a lura da shi, domin shi ne tushen abin da ya faru a 1864. Malaminsa na farko a wannan gwagwarmaya, William Lloyd Garrison, yana ganin tsarin mulkin Amurka yarjejeniya ce da masu bayi, saboda haka mutumin kirki ba ya jefa ƙuri'a a ƙarƙashinsa. A 1851 Douglass ya rabu da wannan ra'ayi, ya ce ana iya yaƙar bauta da tsarin mulkin kansa, ƙuri'a kuwa makami ce, ba a bar wa abokin gaba ita. Wanda ya yarda da haka ya ɗauki nauyin zaɓe tsakanin 'yan takarar da ke nan, ko da babu wanda ya gamshe shi a cikinsu.

Lincoln ya hau mulki ran 4 ga Maris 1861, jihohin kudu bakwai sun riga sun ɓalle. A lokacin bayin ƙasar sun kusa miliyan 4. A jawabinsa na kama aiki ya ce ba shi da niyyar taɓa bauta a jihohin da take, ya kuma yi alkawarin za a ci gaba da mayar da bayin da suka gudu ga masu su. Douglass ya karanta, ya rubuta a jaridarsa ta wata-wata cewa sabon Shugaban ya durƙusa wa masu bayi tun bai zauna ba. Yaƙi ya ɓarke cikin Afrilu. Cikin Agusta Janar John Frémont ya yi shelar 'yanta bayin 'yan tawaye a Missouri, Lincoln ya soke. A Mayu 1862 Janar David Hunter ya yi irin wannan a kudu, ya sake sokewa. Dalilin Lincoln shi ne tsoron kada jihohin bayi huɗu da ba su ɓalle ba, watau Maryland da Delaware da Kentucky da Missouri, su bi 'yan'uwansu. Dalilin Douglass shi ne bayin nan su ke noma abincin sojan tawaye, su ke haƙa musu ramukan yaƙi, saboda haka wanda ya ƙi taɓa bauta ya bar wa abokin gabansa rumbu cike.

Abin da ya fi ƙona masa rai ya faru ran 14 ga Agusta 1862. Lincoln ya kira waɗansu baƙaƙen fata biyar na birnin Washington zuwa fadarsa, ya gaya musu cewa da ba don zamansu a ƙasar ba da ba a yi wannan yaƙi ba, gara su yarda a kwashe su zuwa wata ƙasa a tsakiyar nahiyar Amurka. Amsar Douglass a fitowar Satumba tana cikin mafi zafin abin da ya taɓa rubutawa. Ya ce Shugaban ya nuna ƙyamar launi irin ta gama-garin Turawan ƙasar, ya kwatanta hujjarsa da ta ɓarawon doki wanda ya ce laifin dokin ne da ya kasance. Bai san cewa tun cikin Yuli Lincoln ya riga ya karanta wa ministocinsa daftarin shelar 'yanta bayi ba. An sanar da ita ran 22 ga Satumba, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 1863.

Shelar ta buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar shiga soja, Douglass kuwa ya zaga gari-gari yana kiran samari, 'ya'yansa biyu, Lewis da Charles, suka shiga runduna ta 54 ta Massachusetts. Kafin a gama yaƙi baƙaƙen sojan ƙasa sun kai wajen 180,000. Amma an yi musu rashin adalci tun daga albashi: Bature yana karɓar dala 13 a wata, baƙi dala 10, a cire 3 kuɗin tufafi, saura 7. Ba a ba su muƙamin hafsa. 'Yan tawaye kuma sun ce duk baƙin sojan da suka kama ba fursunan yaƙi ba ne, bawa ne mai tawaye. Da waɗannan koke-koke uku Douglass ya shiga fadar Shugaban ran 10 ga Agusta 1863, ganawarsu ta farko ke nan. Lincoln ya saurare shi, ya ce za a daidaita albashi amma sai sannu, gama Turawa da yawa ba su ma yarda a ba baƙi bindiga ba tukuna. Douglass ya fito yana yabon halin mutumin, bai gamsu da amsarsa ba. Ministan yaƙi ya yi masa alkawarin muƙamin hafsa don ya tafi kudu neman sojoji, ya koma gida ya rufe jaridarsa yana jira, takardar ba ta taɓa zuwa ba. Saboda haka a shekarar zaɓe ba shi da jaridar kansa, sai wasiƙu da jawabai, waɗanda jaridun wasu ke bugawa.

Farkon 1864 ya same shi yana neman wanda zai maye gurbin Lincoln. Shirin da Shugaban ya fitar a Disamba 1863 na maido da jihohin tawaye ya ce in kashi 10 cikin 100 na masu ƙuri'ar jiha sun yi rantsuwar biyayya sai su kafa gwamnati, ba a kuwa ambaci ƙuri'ar baƙar fata ba. Douglass yana ganin 'yancin da ba ƙuri'a a bayansa 'yanci ne na baki, domin tsohon ubangiji shi zai yi doka, shi zai zama alƙali. Cikin Afrilu aka karkashe baƙaƙen sojan da suka riga suka miƙa wuya a Fort Pillow, gwamnati ba ta rama ba. Da masu tsananin ƙin bauta suka kira taro a Cleveland ran 31 ga Mayu, inda aka tsayar da Frémont takara, Douglass ya rubuta wasiƙar goyon bayan kiran taron.

Sai damina ta zo da mugun labari daga bakin daga. Cikin Mayu da Yuni rundunar Janar Grant ta yi hasarar mutum fiye da 50,000 a Virginia, matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, ba ta kuwa ci Richmond ba. Mutanen arewa suka gaji. Lincoln kansa ya tabbata zai faɗi, har ran 23 ga Agusta ya rubuta haka a takarda, ya naɗe, ya sa ministocinsa suka sa hannu a bayanta ba su ga abin da ke ciki ba. Kwana huɗu kafin wannan, ran 19 ga wata, ya aika aka kirawo Douglass. A nan ne mai sharhi ya ga abin da ba a gani daga teburin edita. Lincoln ya gaya masa cewa shelar 1863 dokar yaƙi ce, in aka yi sulhu ba za ta amfani kowa ba sai waɗanda suka riga suka ƙetaro zuwa wajen sojan gwamnati, bayi kuwa ba sa fitowa da sauri kamar yadda ya so. Ya roƙe shi ya tsara yadda za a aika mutane su ratsa cikin ƙasar tawaye su gaya wa bayi su gudo tun da sauran lokaci. Ya kuma nuna masa daftarin wata wasiƙa wadda za a iya fahimta kamar ya sassauta sharaɗin barin bauta kafin sulhu. Douglass ya ce kada ya aika da ita, za a ɗauka ya sallama ne. Wasiƙar dai ba ta fita ba. Suna cikin magana aka sanar da isowar Gwamnan Connecticut, Lincoln ya ce ya jira, yana tare da abokinsa. Ran 29 ga Agusta Douglass ya aiko da tsarin da aka nema a rubuce.

A wannan rana ce jam'iyyar Dimokurat ta buɗe taronta a Chicago. Ta tsayar da Janar George McClellan, ta kuma rubuta a manufofinta cewa yaƙin ya kasa, a tsagaita wuta a nemi sulhu. McClellan ya ƙi wannan sashe, amma ya ce sharaɗinsa ɗaya ne tak, a maido da haɗin kan ƙasa. Bai ambaci 'yancin bayi ba, kowa kuwa ya san ma'anar shirun. Ita jam'iyyar Lincoln tun a taronta na Baltimore cikin Yuni ta yi alkawarin gyara tsarin mulki a haramta bauta ko'ina. Ran 2 ga Satumba sojan Janar Sherman suka shiga Atlanta, zukatan arewa suka farfaɗo, ran 22 ga wata Frémont ya janye.

Cikin Satumba ɗin nan jaridar Garrison ta buga wata tsohuwar wasiƙar Douglass mai cike da sukan Lincoln, sai ya aika da sabuwa yana bayyana inda ya tsaya yanzu. Ya ce muddin akwai tsammanin a sami ɗan takarar da ya fi Lincoln ƙarfi a kan bauta, to, ya hana masa goyon baya, ba ya kuwa nadama. Yanzu wannan tsammani ya ƙare, saura mutum biyu, duk mai ƙin bauta wajibi ne ya taru bayan Lincoln. Ba dukan abokansa suka bi shi ba. Wendell Phillips, babban mai jawabin Boston, ya ƙi goyon bayan Shugaban har ranar zaɓe, ganinsa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Lalle Phillips ya yi gaskiya a yawancin abin da ya zargi Lincoln da shi. Sai dai shi Bature ne mai dukiya, in McClellan ya ci ba wanda zai sa masa mari a ƙafa. Douglass kuwa yana da 'yan'uwa na jini a ƙasar bauta, yana da 'ya'ya da suka sa kakin soja, hukuncin da zai yanke a kan fatar danginsa zai sauka.

Wurin da launi ya fi fitowa fili shi ne yadda jam'iyyar da ya goyi baya ta karɓi goyon bayan. 'Yan Dimokurat sun gina yaƙin zaɓensu a kan tsoratar da talakan Turawa. Waɗansu 'yan jarida biyu na New York World suka rubuta wata ƙasida ta ƙarya, suka ɓoye sunansu, kamar daga masu ƙin bauta ta fito, tana kira a cakuɗa jinsin fari da baƙi ta hanyar aure, aka yi ta yaɗa ta ana cewa ga abin da Lincoln ke nufi. Saboda haka kwamitocin jam'iyyar Rifablikan suka ƙi gayyatar Douglass dandamalinsu, alhali ba su da mai jawabi kamarsa. A wasiƙar da ya rubuta wa editan nan Theodore Tilton cikin Oktoba ya ce bai yi wani aiki sosai a wannan zaɓe ba don ba a so a ce jam'iyyar ta baƙaƙe ce, ya kwatanta jama'arsa da yaro mai naƙasa wanda akan fitar daga ɗaki in baƙi sun zo. Bai yi fushi ya koma gefe ba, bai kuma yi shiru a kan wulaƙancin ba. A farkon watan ya shugabanci babban taron baƙaƙen fata a Syracuse, aka fitar da takardar da ta ce faɗuwar Lincoln masifa ce, ta kuma ce jam'iyyarsa ma ba ta yarda baƙi ya yi ƙuri'a ba, wannan kuwa shi ne abin da za a nema gaba. Shi kansa Douglass yana cikin 'yan tsirarun da doka ta bari, domin jihar New York ba ta barin baƙi ya yi zaɓe sai yana da kadarar dala 250, sharaɗin da ba a ɗora wa Bature.

Ran 8 ga Nuwamba Lincoln ya ci da wakilan zaɓe 212, McClellan 21. A watan nan Douglass ya koma Baltimore, karo na farko cikin shekara 26, gama Maryland ta haramta bauta tun ran 1 ga wata, ya sadu da 'yar'uwarsa Eliza wadda suka rabu tun yana saurayi. Ran 31 ga Janairu 1865 Majalisar Wakilai ta amince da gyara na 13 ga tsarin mulki da ƙuri'a 119, masu ƙi 56. Wannan shi ne ribar lissafinsa. Ranar rantsuwa ta biyu, 4 ga Maris, ya tafi liyafar fada da yamma, 'yan sanda suka tare shi a ƙofa saboda launinsa, sai da aka kai wa Lincoln labari aka shigar da shi. Shugaban ya kira shi abokinsa a gaban taro, ya tambaye shi yadda ya ga jawabin da ya yi da rana. Mako shida bayan haka aka harbe Lincoln, matarsa ta aika wa Douglass da sandarsa.

Lissafin yana da tasa hasarar. Ƙuri'ar da ta maido da Lincoln ita ta kawo mataimakinsa, Andrew Johnson na Tennessee, wanda aka ɗauka don jawo 'yan Dimokurat masu goyon yaƙi. Shi ya gaji mulki, da Douglass ya kai masa tawaga cikin Fabrairu 1866 neman ƙuri'a, ya sallame su da baƙar magana. Sai a 1870 gyara na 15 ya hana a hana mutum zaɓe saboda launi.

A 1872 Douglass ya sake goyon bayan wani Shugaba mai neman komawa, watau Grant, wannan karo da jaridarsa ta Washington, New National Era. Hujjarsa mai ƙarfi ce: Grant ya yi amfani da dokar 1871 ya karya ƙungiyar Ku Klux Klan, abokin takararsa Horace Greeley kuwa 'yan Dimokurat ke mara masa baya. Amma muryar ta sauya. Sanata Charles Sumner, tsohon masoyin baƙaƙen fata, ya tuna wa jama'a cewa da Grant ya yi wa tawagar da ta je Santo Domingo liyafa bai gayyaci Douglass ba, alhali tare aka yi tafiyar. Douglass ya rufa wa Shugaban asiri, ya ce jam'iyyar ita ce jirgi, abin da ke waje duk teku ne. A 1864 ya goyi baya yana faɗin aibi, a 1872 ya goyi baya yana rufe shi, na farkon kuwa ya fi daraja.

Tsohuwar muryar ta dawo ran 14 ga Afrilu 1876, wajen buɗe gunkin tunawa da Lincoln wanda 'yantattun bayi suka biya da kuɗinsu a Washington. Grant yana zaune, da manyan alƙalai da 'yan majalisa. Douglass ya ce Lincoln, a ra'ayinsa da tarbiyyarsa da son zuciyarsa, shugaban Turawa ne, su ne 'ya'yansa, baƙaƙen fata kuwa agola ne a gidan. Ya lissafa laifuffukan nan duka, tun daga Frémont har maganar kwashe su zuwa wata ƙasa. Sa'an nan ya ce in an auna shi da ma'aunin masu ƙin bauta, mai nawa ne, mai sanyin jiki. In kuwa an auna shi da ra'ayin jama'ar da tilas ya tafi da su, mai sauri ne, mai himma, wanda ba ya ja da baya. Masana tarihi har yau ba su wuce wannan hukunci da nisa ba.

A 1877 Shugaba Hayes ya naɗa shi babban jami'in tsaro na kotunan gundumar Washington, amma aka cire masa aikin gabatar da baƙi a fada, wanda magabatansa Turawa ke yi. A shekarar aka janye soja daga harkar mulkin jihohin kudu, sukan da ya yi wa wannan kuwa bai kai na dā zafi ba. A taron jam'iyyar Rifablikan na 1888 wani wakili ya jefa masa ƙuri'a ɗaya ta neman takarar shugaban ƙasa. Ya rasu ran 20 ga Fabrairu 1895. Shekara 120 bayan wannan ƙuri'a ɗaya, a 2008, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun biyu ta tsayar da baƙar fata, Barack Obama, kuma jam'iyyar McClellan ce ta tsayar da shi. Ya ci, aka sake zaɓensa a 2012.